Gina shafin intanet ba tare da kayan aiki sun binne ka ba

Wanda ya shiga YouTube da niyyar koyon gina shafin intanet, kafin mako ya zagayo sunaye sun cika masa kunne: React, Vue, Angular, Svelte, Next.js, Tailwind, TypeScript, Vite, Docker. Kowane malami yana cewa nasa ne na yayi. Ɗalibi ya buga umarni ɗaya, kwamfuta ta hau sauke dubban fayiloli cikin wata folda mai suna node_modules, data ta ƙare, shi kuwa ko "barka da zuwa" bai rubuta a shafin ba. A nan da yawa suke zubar da abin, su ce ba a yi shi don su ba.

Ba haka sana'ar ta fara ba. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar bincike ta CERN a 1991 rubutu ne zalla da mahaɗai, kuma har yau ana iya buɗe kwafinsa. A 1995 Brendan Eich ya rubuta JavaScript, harshen kod da ke sa shafi ya motsa ya amsa taɓawa, a kamfanin Netscape cikin kimanin kwana goma, CSS mai tsara kamannin shafi ta biyo baya a 1996. Daga nan kowace burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta riƙa yin abin da ta ga dama, shafin da ya yi kyau a Firefox sai ya wargaje a Internet Explorer, shi ya sa John Resig ya fito da jQuery a 2006 don daidaita su. Node.js mai gudanar da JavaScript a wajen burauza ta zo a 2009, npm, wato ma'ajiyar ƙunshe-ƙunshen kod da mutane ke rabawa, ta bi ta a 2010, sai ya zama kowa zai iya jawo kod ɗin wani da umarni ɗaya. Facebook ya saki React a 2013 saboda yana fama da allon da abubuwa da yawa ke canzawa a cikinsa lokaci guda. Abin lura shi ne kowane ɗaya daga cikin kayan nan wata matsala ce ta haife shi, kuma galibi matsalar babban kamfani ce mai ɗaruruwan ma'aikata. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka a duk matakan da ke tafe ita ce: wannan matsalar, ta same ni kuwa?

Mataki na farko: takarda da biro

Kafin ka kunna kwamfuta, ka rubuta abin da shafin zai yi cikin jimla uku ko huɗu. A ce mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya ba ka aiki. Abin da yake so bai wuce a ga hotunan kaya, a san inda shagon yake, a taɓa wuri ɗaya a same shi a WhatsApp ba. Wannan shafin karatu ne kawai. Makarantar da take son sa labarai da sanarwa duk mako, ita tana bukatar wurin da malamin da bai san kod ba zai shiga ya yi rubutu. Asibitin da yake son marasa lafiya su shiga da suna da kalmar sirri su ga ranar ganin likita kuwa, wannan manhaja ce sosai, da rumbun bayanai a bayanta. Iri uku ke nan, kuma kayan aikinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawan wahalar da masu farawa ke sha daga nan take: aikin iri na farko ne, su ɗauko masa kayan iri na uku, kamar wanda zai kai buhun gero ɗaya kasuwa ya je ya yi hayar tirela.

A ƙasan takardar ka ƙara layi ɗaya: su wa za su buɗe shafin, da wace waya? Idan amsar ita ce masu Tecno da Itel da Infinix waɗanda ke lissafin kowane megabayit, to wannan layin ne zai yanke hukunci a kan kusan duk abin da za ka zaɓa nan gaba.

Mataki na biyu: kaya uku sun isa

Editan rubuta kod, burauza, da Git. Edita ka ɗauki VS Code, kyauta ne, kada kuma ka cika shi da ƙare-ƙare tun ranar farko. Burauza Chrome ko Firefox, don kayan bincikensu da ke fitowa in ka danna F12.

Git shi ne wanda ake yawan tsallakewa, alhali shi ya kamata a fara koya. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, aikinsa shi ne ajiye tarihin duk canjin da ka yi. Ka shiga foldar aikinka a tagar umarni ka buga `git init`. Duk sanda ka kammala wani ɗan abu, ka buga `git add .` sannan `git commit -m "na gyara shafin farko"`. Ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kwafin kod a intanet, ka haɗa foldar da shi, ka riƙa yin `git push` kullum kafin ka rufe kwamfuta. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, kwamfuta kuma na iya ƙonewa ko a sace ta, wannan umarnin shi ne zai hana aikin wata uku tafiya a dare ɗaya. Umarnin nan huɗu za su riƙe ka tsawon lokaci, sauran sai bukata ta kawo su.

Mataki na uku: fayil uku

Ka ƙirƙiri `index.html`, `style.css` da `app.js`: na farko na HTML ne, harshen da ake zuba abin da ke cikin shafi da shi, na biyu na CSS, na uku na JavaScript. Na ukun ka bar shi fanko tukuna. A kan fayil na farko akwai layuka uku da ba a wasa da su:

`<html lang="ha">`
`<meta charset="utf-8">`
`<meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">`

Na farko yana shaida wa burauza cewa shafin na Hausa ne. Na ukun yana sa shafin ya zauna daidai faɗin waya maimakon ya fito ƙanana sai an ja da yatsa. Na tsakiyan shi ne namu na musamman. In babu shi, haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, suna iya rikiɗa su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Darussan Turanci da yawa ba sa tsayawa a kan wannan.

Ko da layin yana nan, akwai tarko na biyu: salon haruffa. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba a zana musu ƙ da ɗ ba. Burauza ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta aro harafin daga wani salo, ka ga kalmar "ƙasa" harafinta na farko ya fi sauran kauri ko ya karkace. Kafin ka amince da kowane salo, ka rubuta "Ɗan ƙauye ya ɓata ƙwarya" da shi, manya da ƙananan haruffa, ka duba da idonka. Noto Sans yana da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Mafi sauƙi ma shi ne ka bar wayar mutum ta yi amfani da salon da ta zo da shi, ka rubuta `font-family: system-ui, sans-serif`, ba a sauke komai ba ke nan. In ka kai matakin rumbun bayanai na MySQL, ka tabbata an saita shi a utf8mb4, don in latin1 ne duk harafi mai lanƙwasa alamar tambaya zai koma, kuma ba ya dawowa. Sannan in shafin yana da akwatin nema, ka tuna yawancin mutane "kofa" za su buga ba "ƙofa" ba, sai ka sa neman ya ɗauki biyun abu guda.

Daga nan ka zuba abin da ke cikin shafin da HTML tsantsa, ka tsara shi da CSS. Abin da tsofaffin darussa ba za su gaya maka ba shi ne burauza ta girma. Tun 2017 manyan burauzoji suka karɓi CSS Grid, ita da Flexbox sun isa su jera maka hotunan atamfa layi uku a kwamfuta, layi ɗaya a waya, ba sai da shiryayyen kod irin Bootstrap ba. Tambayoyin da ke buɗewa in an taɓa su, alamar `details` tana yin su ba tare da JavaScript ko layi ɗaya ba. Kalmar `required` a cikin fom tana hana a aika shi babu komai. Microsoft ya yi ritayar Internet Explorer a watan Yuni 2022, don haka yawancin dalilan da suka kawo jQuery sun kau: `querySelector` da `fetch` suna cikin burauza. Maɓallin WhatsApp na mai shagonmu kuwa mahaɗi ne kawai: `https://wa.me/` sai 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, sai lambar, a cire sifirin farko na lambar Najeriya.

Mataki na huɗu: ka auna nauyinsa

Wannan matakin ya fi kowanne bambanta ƙwararre da ɗan koyo, kuma bai cin ko sisi. Ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka sake loda shafin. A ƙasa za ka ga adadin fayilolin da aka sauke da jimillar nauyinsu. Matsakaicin shafi a duniya yanzu ya haura megabayit 2, amma ba dole ne naka ya bi sahu ba. Ga shafin shago, ka sa wa kanka iyaka, misali rabin megabayit a buɗewar farko, ka tsaya a kai. A wannan sashen akwai wurin rage saurin intanet, ka zaɓi 3G ka sake lodawa, ka zauna ka jira kamar yadda mai saye zai jira. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma Lighthouse da ke cikin Chrome zai gaya maka inda kake da abin da ke jan ka baya.

Kusan kullum hotuna ne masu laifi. Mai shago zai turo maka hoton da waya ta ɗauka, megabayit uku ko huɗu kowanne, guda arba'in. Kada ka ɗora su haka. Ka rage faɗin kowanne zuwa abin da allo ke bukata, ka mai da shi WebP da manhajar Squoosh da ke aiki a cikin burauza, za ka ga ya sauko ƙasa da kilobayit 100 ba tare da zanen atamfar ya dushe ba. Hotunan da ke can ƙasa ka sa musu `loading="lazy"` don kada a sauke su sai mutum ya gangaro. Ka rubuta wa kowanne faɗi da tsawo don kada rubutu ya riƙa tsalle yayin da hotuna ke shigowa.

Bayan duk wannan, ka nemi waya mai araha ta gaske, ka buɗe shafin da datar layi, ba da Wi-Fi ba. Kilobayit 300 na JavaScript ya fi kilobayit 300 na hoto wahalar da waya, domin hoto nuna shi kawai za a yi, kod kuwa sai an karanta an aiwatar, ƙaramar waya kuma a nan take shaƙewa.

Mataki na biyar: ɗora shi

Shafin karatu ba ya bukatar ka biya kuɗin masauki, wato wurin da shafin zai zauna a intanet. GitHub Pages, Netlify da Cloudflare Pages duk suna da tsarin kyauta: ka haɗa su da ma'ajiyarka ta GitHub, duk sanda ka yi `git push` shafin ya sabunta kansa. Su ne kuma za su ba ka HTTPS, tsarin da ke kulle bayanan da ke yawo tsakanin shafi da mai ziyara, wanda ya zama tilas tun da Chrome ya fara yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro a 2018. Ko a masaukin kuɗi kake, kada ka yarda a sayar maka da takardar shaidar da HTTPS ke bukata da tsada, Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta.

Abin da za a saya shi ne sunan adireshi. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, akwai kamfanonin da ta amince wa suna sayar da .com.ng da naira, abin da ke raba ka da rigimar katin dala. Nasiha ɗaya a nan wadda ba ta kod ba ce: ka yi rajistar da sunan mai aikin da imel ɗinsa, ba naka ba. Ana yawan ɓatawa tsakanin magini da mai shafi a kan wannan, kuma bayan shekara in sunan ya faɗi ba a sabunta ba, wani na iya saye shi.

Mataki na shida: yaushe ake ƙara kaya?

Sai ka ji ciwo. Ga yadda ciwon ke zuwa.

Shafuka sun kai ashirin, an canza lambar waya, ka samu kanka kana buɗe fayil ashirin kana gyara layi guda. Maganin wannan injin haɗa shafuka ne irin Eleventy, Hugo ko Astro: ka rubuta kan shafi da ƙasansa sau ɗaya, shi ya fitar maka da HTML tsantsa. Mai ziyara ba zai ji wani ƙarin nauyi ba.

Mai shafin yana kiranka duk kwana biyu ka sa masa sanarwa. Wannan aikin WordPress ne, wanda ke nan tun 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Wasu matasan magina suna yi masa kallon tsohon yayi, ni kuwa ban ga abin raini ba ga kayan da ke barin sakataren makaranta ya yi aikinsa ba tare da ya nemi kowa ba. Haɗarinsa yana cikin ƙare-ƙaren da ake liƙa masa. Ka tsaya a kan kaɗan, ka riƙa sabunta su, kuma ka guji na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a Telegram, don sau da yawa da ƙofar ɓarawo a cikinsu.

Ana bukatar shiga da kalmar sirri, ajiye bayanai, fitar da rasit. Ka ɗauki firemwok ɗaya, wato shiryayyen tsarin kod da ake gini a kansa, na ɓangaren saba (kwamfutar da shafin ke zaune a kanta) wanda ya daɗe ana gwada shi, Laravel in PHP ka iya, Django in Python. Sun zo da tsarin shiga da kariya a shirye, kada ka ce za ka ƙirƙiro naka. Laravel yana da ƙarin fa'ida a wajenmu, domin masaukai masu araha kusan duk suna ɗaukar PHP.

React ko Vue fa? Lokacinsu shi ne sanda allo ɗaya ke da sassa da yawa masu dogaro da juna: kwandon saye da ke canza jimilla, tacewa da ke canza jeri, duk ba tare da an sake loda shafi ba, har kod ɗinka na `app.js` ya zama ba ka gane kansa. In ka kai nan, ka girka Node.js wanda aka rubuta LTS a jikinsa, ka buga `npm create vite@latest`, ka zaɓi ɗaya. Duk darasin da ya ce ka fara da Create React App ya tsufa, masu React da kansu sun yi masa ritaya a farkon 2025. Wannan ma darasi ne a kan sana'ar: kayan da aka koyar da miliyoyin mutane a matsayin hanya madaidaiciya, cikin shekara tara ya zama tarihi, HTML ɗin 1991 kuwa har gobe yana buɗewa. Idan aikin kamfani kake nema, React na da kasuwa, ka koye shi, amma bayan JavaScript ta zauna maka. TypeScript sai kun zama ku biyu ko uku a kan kod ɗaya. Docker da Kubernetes ka bar su sai ranar da wani aiki ya tambaye ka su da suna.

Mataki na bakwai: abin da ka jawo, kai za ka yi renonsa

Duk `npm install` alkawari ne ka ɗauka. Ƙunshi ɗaya yana jawo goma, goman su jawo ɗari, mutanen da ba ka taɓa jin sunansu ba su ne suka rubuta. A watan Maris 2016 wani magini ya yi fushi da npm kan rigimar suna, ya janye ƙunshe-ƙunshensa, ciki har da left-pad mai layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a hagun rubutu. Nan take dubban ayyuka suka kasa haɗuwa, har da masu dogaro da manyan kayan aiki irin Babel da React, sai da npm ta mayar da shi da kanta. A 2018 kuma mai ƙunshin event-stream ya gaji ya miƙa shi ga wani baƙo, baƙon ya cusa kod na satar kuɗin masu amfani da asusun Bitcoin na Copay.

Saboda haka kafin ka girka komai, ka leƙa shafinsa a GitHub: yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, ana amsa koke-koke, ƙunshi nawa yake jawowa? In abin da zai yi maka bai wuce layi ashirin ba, rubuta da hannunka. Fayil ɗin `package-lock.json` ka sa shi cikin Git, shi ke riƙe ainihin sigar kowane ƙunshi, kuma a saba ka yi amfani da `npm ci` don a girka daidai abin da ke ciki. Foldar node_modules kuwa ka rubuta sunanta a `.gitignore`, tare da fayil ɗin `.env` inda makullan sirri suke. Wata-wata ka buga `npm audit` da `npm outdated`, ka sabunta kaɗan-kaɗan. Wanda ya bar aiki shekara biyu bai taɓa ba, ranar da ya dawo zai tarar ko tashi ba ya yi.

Wannan ƙa'idar ta hau kan ChatGPT da Copilot ma. Suna da amfani wajen bayanin kuskure da rubuta abin da ka riga ka fahimta, amma in ka ce su gina maka shafi, sau da yawa React da tarin ƙunshe-ƙunshe za su miƙo maka, wani lokaci har da sunan ƙunshin da babu shi. Ka gaya musu ƙarara cewa HTML da CSS kawai kake so, kuma layin da ba za ka iya bayaninsa ba kada ya shiga aikin mutane.

In shafin zai karɓi kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, makulli biyu za a ba ka. Na fili shi ke shiga burauza, na sirri a saba kaɗai yake zama, kuma sabarka ce za ta tambayi kamfanin ko kuɗin sun shiga kafin a ce an biya, ba a yarda da abin da burauza ta faɗa. In kana karɓar sunaye da lambobin waya, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka: kada ka tambayi abin da ba ka bukata, ka kuma bayyana abin da za a yi da shi.

Mataki na takwas: miƙa aiki

Ka rubuta fayil ɗin `README.md` da harshen da mai gyara na gaba zai gane: sigar Node ko PHP da aka yi aiki da ita, umarnin tayar da shafin a kwamfuta, umarnin ɗora shi, da inda masauki yake. Mai shafin kuma ka ba shi takarda ɗaya mai ɗauke da asusun da aka buɗe da sunansa, ranar da sunan adireshi zai ƙare, da kuɗin sabuntawa na shekara. Ku zauna tare ya canza kalmomin sirri da hannunsa, ya sa ranar sabuntawar a kalandar wayarsa da tunatarwa wata guda kafin lokacin. In WordPress ne ko akwai rumbun bayanai, ka saita kwafin ajiya na kowane mako zuwa wani wuri daban da masaukin, sannan ka gwada dawo da shafin daga kwafin sau ɗaya kafin ka karɓi cikon kuɗinka.